Injin Gahawar Inno Hajjo

Bodinga,
9 ga Oktoba, 1983

Zuwa ga Yaya Mijinyawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a Ikko, kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, ni da Malam Maniru da yara, sai dai ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai cika ido ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takardata, don zumuncinmu na kakanni ne, ba mu saba rubuta wa juna ba. Amma Inno Hajjo ta haɗa mu. Ni goggon babana ce, kai kuma ita ta riƙe ka bayan rasuwar mahaifiyarka. Saboda ita na ɗauki alƙalami.

Ranar Juma'a na je Shagari gaishe ta, na tarar da ƙafarta a ɗaure. Ka san idonta ya yi rauni, hannunta kuma yana rawa. Tana dafa gahawarta ta hantsi, ta miƙa hannu za ta sauke jabana, tulun gahawarta, daga garwashi, sai ta kuɓuce mata. Ruwan ya zube mata a ƙafa, jabanar ta fashe. Ƙunar tana warkewa. Abin da bai warke ba shi ne ɗan tulun yumɓun nan mai dogon wuya. Ta tsince gutsattsarinsa ta ƙulle a tsumma, ta sa ƙarƙashin matashi. Tun ranar ba ta sha gahawa ba, abinci ma sai an yi ta roƙo. Ɗanbaba, ɗan ƙaninta da ke zaune da ita, ya sa wata maginiya a Dingyaɗi ta gina irinsa. Inno ta shinshina ta mayar.

Ranar Juma'ar ce ta ba ni labarin da ban taɓa ji cikakke ba. Tana da shekara goma sha shida suka bar Shagari da mijinta Malam Sama'ila, a ƙasa, da jaki ɗaya, za su Makka. Shekara bakwai suka yi. Sun tsinci auduga a Sudan har kaka uku kafin su sami abin haye teku. A can ta koyi gahawa, a can kuma ta binne Malam a kan hanyar dawowa. Ta biyo ayari ita kaɗai, da jabanar goye a bayanta kamar jariri. Yaya, na zauna ina kallon ƙafafun nan biyu, 'yan ƙanana.

An ce kai kake dafa wa Turawan kamfaninku gahawa. Ko akwai dabara?

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Atika

Ikko,
28 ga Oktoba, 1983

Malama Atika,

Na gaishe ki, na gaida Malam da yara. Ina lafiya. Takardarki ta sa ni hawaye a tsakiyar aiki. Da ɗumin jabanar nan na girma.

Ina sauri ne, mai tafiya gidan waya yana jirana. Ki yi wa Inno albishir, na samo mata mai dafa gahawa. Bajamushiya ce. Ba ta gajiya, ba ta ƙorafi, ba ta taɓa garwashi, kuma hannunta ba ya rawa. Su uku ne na gani, ina duba wadda ta fi dacewa da gidanmu. Bayani yana tafe.

Ki duba min Inno da jiki.

Yayanki,
Mijinyawa

Bodinga,
14 ga Nuwamba, 1983

Yaya Mijinyawa,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Ƙafar Inno ta warke, tana takawa har zaure.

Yaya, me ka rubuto haka? Na karanta takardarka a tsakar gidan Inno a gaban kowa, ban fara dubawa ni kaɗai ba, kuma har yanzu ban gane inda ka dosa ba. Kulu matar Ɗanbaba ta fara kwashe gyaɗa daga ƙaramin ɗaki don baƙuwa ta sami wurin kwana. Kafin la'asar unguwa duk ta ji cewa Baturiya za ta zo aiki gidan Inno. Wasu ma cewa suke aure ka yi.

Inno ba ta yi dariya ba. Ta ce in rubuta maganarta yadda ta faɗa, ga ta:

"Ki hwaɗa mai ban mutu ba tukuna. Ni da nit tahi Makka da ƙahwata, ni za a kawo ma ɗiyar mutane daga Jamus ta dahwa min gahawa? Mi za ta ci? Da wane baki za mu yi magana? Ya ce hannunta ba shi rawa. Na jiya. Nawa na rawa, kuma da shi nib ba shi kunu. Kada shi ƙara aiko min komi."

Daga nan ta juya fuskarta ga bango. Ka yi bayani da sauri, don Allah.

Atika

Ikko,
5 ga Disamba, 1983

Ƙanwata Atika,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Ki durƙusa gaban Inno a madadina. Wasan taubasai na yi miki, ban san a tsakar gida za ki karanta ba. Inji ne, Atika, ba mutum ba. A Jamus aka ƙera shi. Maganar rawar hannu kuwa wautata ce, Allah Ya yafe min.

Bari in kwatanta miki. Tsayinsa bai wuce kamu biyu ba. Ta baya akwai wurin zuba ruwan sanyi. A sama akwai mataci, inda ake zuba garin gahawa. A ƙasa buta. Sai ki danna abu ɗaya, shi ke nan. Babu wuta mai harshe, babu hayaƙi. Ruwan yana yin zafi a ciki, ya hau sama da kansa, ya sauko kan garin kamar yayyafi, ya ratsa shi a hankali, ya riƙa ɗiga cikin buta ɗis, ɗis, har ta cika. Ranar da na fara ganinsa a ofishin manajanmu sai da na leƙa bayansa ina neman wanda ke tura ruwan. Har yau in na kunna shi nakan tsaya in kalla. Allah Ya ba ɗan Adam basira.

A kantin wani ɗan Labanan na ga masu kyau iri uku.

Na farko butarsa ta gilas ce, tana zaune kan faranti mai zafi, kana ganin gahawar tana taruwa. Da wata takarda ta musamman yake tacewa, kullum sabuwa.

Na biyu butarsa ƙarfe ce, irin filas, tana riƙe zafi ko an ɗauke wuta. Matacinsa na waya ne mai laushi kamar zare, wanke shi ake yi a mayar. Ba shi da ado ko kaɗan, amma ya fi sauran nauyi a hannu.

Na uku shi ya ɗauke min hankali. Agogo gare shi a goshi. Ka faɗa masa lokaci, in lokacin ya yi ya tashi da kansa ya dafa, ba wanda ya taɓa shi. Inno ta idar da walaha ta tarar gahawa tana jiranta! Shi ma gilas ne da takarda. Ni dai shi raina yake so.

Tunda wutar lantarki ta iso gidan, akwai inda za a jona a ɗakin Ɗanbaba. Amma ba ni zan zaɓa ba. Ki karanta wa Inno, ita ta san gahawa.

Yayanki mai laifi,
Mijinyawa

Bodinga,
16 ga Janairu, 1984

Yaya Mijinyawa,

Gaisuwa da fatan canjin gwamnatin nan na ƙarshen shekara ya same ka lafiya. Nan dai Shagari ta yi tsit, ko a kasuwa ƙasa-ƙasa ake magana. Mu lafiya.

Da na karanta mata cewa inji ne, Inno ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Kulu ta mayar da gyaɗarta ɗaki. Wurin da ka ce ruwa yana hawa da kansa kuwa, sau uku ta sa na maimaita. Ta ce ta ga Kogin Nilu, ta ga teku, duk inda ta san ruwa gangara yake yi. Can ta ce, "Tabarakallah."

Sai kuma ta zauna sosai kamar alƙali. Mai agogon da kake so shi ta fara kora. Ta ce, "Ba ni son abin da za shi riga ni tashi." Ni kuma na ƙara da cewa in aka ɗauke wuta agogon rikicewa zai yi. Gilas ta ce abu ɗaya ya riga ya fashe mata, ya isa. Takardar tacewa ita ta fi tsaya mata. Ta tambaya ina ake yin ta, na ce ƙetare. Ta ce ta taɓa zama garin da hanya ta rufe, ta san ranar da abin ƙetare yake ƙarewa.

Na biyu ta zaɓa, amma da tambaya uku, kuma ta ce kada ka saya sai ka gani da idonka. Shin ruwan yana tafasa har ya yi tsalle? In yana yi, ƙone gahawa zai yi. Gab da tafasa take so. Na biyu, ruwan yana daɗewa yana ratsa garin? Ma'auninta carbi ɗaya na salati, in bai kai ba ruwan wanki ne. Na uku, zai yarda a haɗa masa da citta?

Ranar ta ci tuwo rabin kwano ba tare da roƙo ba.

Ƙanwarka,
Atika

Bodinga,
22 ga Afrilu, 1984

Yaya,

Ina gaisuwa. Wata uku ke nan babu amsa. Wannan ce takarda ta uku, ban san ko biyun sun isa ba.

Muna jin ana sallamar ma'aikata ko'ina. Nan sabulu da sukari sai a layi, shi ma ba kullum ba. Ciwon shanu ya kashe wa Ɗanbaba biyu. Duk wannan ana haƙuri. Abin da ya fi damuna Inno ce. Ta sa wa ranta cewa maganarta ta farko, ta kada ka ƙara aiko mata komai, ita ce ta zauna maka a zuciya sai yanzu. Duk Juma'a kafin in ajiye jaka take tambaya. Na gaji da cewa gidan waya ne.

Mu bar maganar inji. Ka rubuto layi ɗaya mu san kana da rai.

Atika

Ikko,
19 ga Yuni, 1984

Ƙanwata Atika,

Ina gaishe ki. Ina da rai, ina da lafiya. Takardunki duka uku sun same ni a hannun tsohon maigadinmu. Ki gaya wa Inno ko zagina ta yi ba zan riƙe ba. Kunya ce ta hana ni rubutu.

An rufe kamfaninmu tun Fabrairu, Turawa sun tafi. Ɗakin da nake na kamfani ne, shi ma an karɓe. Yanzu a kasuwar albasa nake, wurin mutanenmu, ina sauke buhu, ina kwana a rumfa.

Amma kafin haka na cika aiken Inno. Na je kantin da tambayoyinta. Mai kantin ya saurara, ya ce, "Wace ce wannan?" Na ba shi labarinta a taƙaice. Ya cire tabarau ya ce masu zuwa da manyan motoci ba wanda ya taɓa yi masa tambaya ɗaya daga cikin ukun. Ya fito da injin daga kwali ya jona a kan teburinsa. Ruwan ba ya tsalle, tururi kawai yake yi, ya ce haka aka ƙera shi, ya tsaya gab da tafasa. Na ciro carbina na fara salati daga ɗigon farko. Mutumin nan ya tsaya yana jirana, ya hana yaran kanti magana. Carbi ya zagayo, da ƙarin goma sha ɗaya, sannan ɗigon ƙarshe ya faɗi. Citta kuwa ya ce bai taɓa ji ba, amma ya aika aka samo, muka gwada, ta wuce lafiya, ƙamshi ya cika kantin.

Shi kaɗai ya rage irinsa, don jiragen ruwa sun daina kawowa. Takardar tacewar ma da Inno ta ƙi, yanzu babu ita a Ikko duka. Masu injin gilas da tsumma suke tacewa. Tsohuwar da ba ta gani sosai ta hango wannan daga Shagari!

Na saye shi. Tun da aiki ya ƙare na rabu da rediyo da keke da agogon hannu, amma kwalin nan da shi nake matashi. Mutum biyu sun nema na hana. Ga shi nan na ba Ɗantani direban motar albasa, mutumin Lambara, da ƙullin 'ya'yan gahawa. A bayan takardar nan na rubuta yadda ake kunnawa.

Ni ba zan zo ba tukuna. Shekara goma sha ɗaya a Ikko, in shigo Shagari da riga ɗaya? Sai abubuwa sun gyaru.

Mijinyawa

Bodinga,
8 ga Yuli, 1984

Yaya Mijinyawa,

Alhamdu lillahi da jin kana lafiya. Allah Ya musanya maka da mafi alheri. An yi shuka, muna jiran ruwa na biyu.

Kwali ya iso. Inno ta sa aka ɗora mata shi a cinya, ta shafa shi ta ko'ina, ta shinshina, ta ce warin albasa yake da warin kanka. Ɗanbaba ya kawo wuƙa zai yanke igiya, ta dafe da hannu biyu. Na ce mata ga bayani ka rubuto, ni zan iya kunnawa. Ta ce a'a. Ta sa na karanta mata takardarka duka, har wurin riga ɗaya, ban ɓoye komai ba. Ga amsarta:

"Ki hwaɗa mai wanda yas san ta shi ka kunna ta. In bai zaka ba, nan za ta zamna cikin kwalinta har a hidda ni. Ran da nid dawo garin ga, ba miji, ba jaki, ba takalmi, zanena ɗaya. Ba wanda yat tambaye ni mi nik kawo. Kuka anka yi, anka ɗora tukunya. Shi wa yaf hwaɗa mai riga muka jira?"

Kwalin yana nan a bayan gadonta, an rufe shi da zane.

Yaya, ba tsoratar da kai nake ba, abin da na gani nake faɗa. Ta rame. Ɗantani zai juyo daga Ikko ƙarshen wata, ya ce gaban mota naka ne. Ni jikina ya yi nauyi, Malam ya hana ni shiga mota kwanan nan, ba mai karanta mata takarda. Ba takarda take so ba dama.

Ƙanwarka,
Atika

Shagari,
6 ga Agusta, 1984

Ƙanwata Atika,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya raba lafiya. Ki duba saman takardar nan ki ga daga inda nake rubutu.

Ranar Alhamis na iso. Na tsaya a zaure na kasa shiga, sai na ji muryarta daga ciki tana cewa wa ke tsaye yana tare mata iska. Na durƙusa. Ta shafa fuskata da kafaɗuna, ta ce Kulu ta dama fura. Ba ta tambaye ni komai ba.

Kwana biyu babu wuta. Inno ta ce wadda ta jira shekara bakwai ba kwana biyu zai dame ta ba. Ranar Lahadi da hantsi ƙwan ɗakin Ɗanbaba ya kama. Na soya 'ya'yan gahawa a kasko, Kulu ta daka da citta. Sau biyu Inno tana murza garin tsakanin yatsu tana mayarwa, ta ce ya yi tsaki-tsaki. Kafin mu gama gida ya cika, maza a ƙofar ɗaki, mata ta bayan danga, har Liman ya zo da sandarsa. Muka fito da injin bakin ƙofa iyakar inda waya ta kai, muka zaunar da Inno kusa da shi.

Na zuba ruwan randa, Liman ya sa yatsa ya tabbatar da sanyinsa. Na danna. Shiru. Wani ya fara cewa ai dama. Sai injin ya yi wani ɗan gurnani, kamar tantabara, tururi ya fito. Inno ta ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Ta karkata kunne. Ita ta fara jin ɗigon farko cikin butar, kafin mu duka. Ta ce, "Ya hau." Liman ya zagaya bayan injin ya duƙa ya duba, kamar yadda na taɓa yi, ya miƙe yana ta subhanallahi. Ƙamshin ya fita har titi. Atika, na ga irin injin nan yana aiki sau dubbai, amma ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Tsofaffi masu furfura sun yi tsaye baki buɗe, ruwan randarmu yana hawa sama ba guga ba igiya.

Da ya gama na zuba a ɗan kofinta na miƙa mata. Ta karɓa ta riƙe a ƙarƙashin hanci, ta daɗe. Sai ta miƙo min. Ta ce a inda ta koya, wanda ya sauka daga tafiya ake fara ba.

Na ce, "Inno, ni ban taɓa sha ba."

Ta ce, "Mi kac ce?"

Na ce ina yaro ta ce ba ta yara ba ce. A Ikko kuma ta manya ce, mu dafawa muke mu kai, mu wanke kofi.

Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya kana dahwa ma mutane?" Ta buga tabarma kusa da ita. "Zamna."

Na zauna. Ba ta sakar min kofin ba. Da hannunta biyu ta kai shi bakina, yana ɗan zuba a rigata, a gaban Liman da kowa. Ɗaci gare ta, Atika, da yajin citta a ƙarshe, da wani ɗumi da ke sauka har ƙirji. Na shanye. Ban iya ɗaga kai ba.

Sannan ta sha nata. Ta riƙe a baki, ta haɗiye, ta ce ta Sudan ta fi hayaƙi, wannan ta fi tsabta, kuma gobe a ƙara citta. Ta sha kofi uku. Sauran aka zagaya da shi kurɓi-kurɓi har butar ta ƙare, aka sake ɗorawa.

Yau da safe ita ta danna da kanta. Na kama yatsanta na nuna mata wurin sau ɗaya, ta ture hannuna.

Ɗanbaba ya yanka min gefen fadamarsa, in ruwa ya ɗauke za mu dasa albasa. Ki gaida Malam Maniru da yara. In za ki rubuto, ba sai kin kai gidan waya ba, ki ba kowane direban Shagari. Ki sa a baya: Mijinyawa, gidan Inno Hajjo.

Wassalam. Yayanki,
Mijinyawa